Yaro Mai Egzima Mai Tsanani: Yadda Ake Kashe Ƙaiƙayin Tun Daga Tushe

Duk wanda ya taɓa kwana a zaune yana riƙe da hannayen yaro don kada ya yage fatarsa da susa ya san ƙaiƙayi ba ƙaramin ciwo ba ne. Gari ya waye, zanen gado da ɗigon jini, yaro bai yi barci ba, uwa ba ta runtsa ba, ga masu ba da shawara kowa da tasa. Wannan jagorar ta iyayen da ke cikin wannan hali ce, waɗanda ɗansu ke fama da ciwon fatar da likitoci ke kira egzima, musamman mai tsananin nan da ke tashi, ta kwanta, ta sake tashi.

Abu ɗaya nake so ku riƙe tun yanzu. Tsawa ba ta hana yaro susa, riƙe masa hannu ma na ɗan lokaci ne. Ƙaiƙayin daga abu biyu yake fitowa: fata mai yoyo, da kumburin da ke ci a cikinta. Man shafawa ne ke toshe yoyon, maganin likita ke kashe kumburin. Galibin yaran da abin ya ƙi lafawa a jikinsu ana ba su duka biyun, sai dai ana ba su kaɗan, kuma ana dainawa da wuri.

Abin da ke faruwa a fatar

Fata lafiyayya kamar sabuwar randa take, tana riƙe ruwan da ke ciki, tana tare ƙurar da ke waje. Fatar mai egzima kuwa randa ce mai tsagewa. Danshi yana tsiyayewa, fata ta bushe, sabulu da ƙura da gumi da ƙwayoyin cuta su sami ƙofar shiga. Garkuwar jiki ta taso musu fiye da kima, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi. Yaro ya sosa, tsagewar ta ƙaru, kumburin ya ƙaru, ƙaiƙayin ya ninka. Haka abin ke ta zagayawa.

A shekarar 2006 masu bincike a birnin Dundee na Sikotilan suka nuna cewa tawaya a ƙwayar halittar da ke samar da wani sinadarin fata mai suna filagirin tana cikin manyan dalilan wannan ciwo. Wato yara da yawa da raunin aka haife su. Shi ya sa ake yawan ganinsa a gidajen da ke da masu asma ko masu yawan atishawa ta alaji, wato borin da jiki ke yi wa abin da bai karɓe shi ba. A ƙasashe da dama yakan kama kusan yaro 1 cikin 5, yawanci tun kafin ya shekara 5, da yawa ma tun cikin shekarar farko. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba laifin nonon uwa ba ne, kuma ba a ɗaukarsa. Yaron zai iya wasa da kowa, ya kwana da 'yan'uwansa.

Mataki na 1: Ku tabbatar egzima ce

Ba kowane ƙaiƙayi ne egzima ba, kuma maganin wani ciwon guba ne ga wani. A jarirai egzima takan fara a kumatu, goshi, fatar kai da bayan hannuwa da ƙafafu, wurin kunzugu kuma yawanci ya tsira. Yaro na girma sai ta koma lungunan jiki: cikin gwiwar hannu, bayan gwiwa, wuya, wuyan hannu da idon sawu. A fata mai duhu ba kasafai take yin ja ba. Takan yi duhu fiye da sauran jiki, ko toka-toka, ko ta fito da ƙananan ƙuraje masu kaushi kamar tsikar jiki ta tashi. Inda aka daɗe ana susa, fata takan yi kauri, layukanta su fito raɗau.

Idan kuwa wasu a gidan ma suna susa, musamman da dare, kuma akwai ƙuraje tsakanin yatsu, a wuyan hannu, ko a tafin hannu da tafin ƙafar jariri, to ku zargi ƙazuwa. Idan tabo ne zagayayye mai gefe a tashe, makero ne mai yiwuwa. Waɗannan biyun maganin egzima ƙara rura su yake yi. Don haka likita ya fara gani da idonsa kafin a shafa komai.

Mataki na 2: Wanka da mai, kullum

Nan ne ginshiƙin aikin, kuma nan ne aka fi yin sakaci, don ba ya kama da magani.

Wanka sau ɗaya a rana ya isa, na minti 5 zuwa 10, da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ruwan zafi yana yi wa mai ƙaiƙayi daɗi a lokacin, amma yana wanke ɗan maiƙon da ya rage a fata, bayan awa ɗaya a gane kuskure. A ajiye soso gaba ɗaya, tafin hannu ya wadatar. A ajiye sabulu mai ƙamshi da mai kumfa da yawa, har da wanda aka rubuta yana kashe ƙwayoyin cuta. A yi amfani da abin wanka marar sabulu, marar turare, ko ma a shafa man jikin nasa a ɗauraye.

Da an fito, a ɗan daddanna tawul a jiki, kada a goge. Sannan cikin minti 3, tun fata na da laima, a shafa mai daga wuya har tafin ƙafa, da fuska, har wuraren da suke lafiya lau. Fatar yaron duka mai rauni ce, ba inda ciwon ya fito kaɗai ba.

Wane mai? Gwargwadon kaurinsa, gwargwadon amfaninsa. Mai kauri irin Vaseline marar ƙamshi ya fi kirim riƙe danshi, kirim kuma ya fi man shafawa mai ruwa-ruwa. Ga fata mai tsananin bushewa, mai kaurin nan shi ne zaɓi, musamman da dare. Idan ana zafi kuma yaron ya ƙi shi da rana, a sa kirim, don man da yaro ya yarda a shafa masa ya fi wanda ke ajiye ba a taɓa shi. A guji duk mai turare. Man zaitun ma, duk da farin jininsa, bincike ya nuna yana iya ƙara raunana fata, don haka ba shi ne abin dogaro a nan ba.

Sai batun yawa, wanda ke ba iyaye mamaki. Yaron da egzima ta bazu a jikinsa yana buƙatar giram 250 zuwa 500 na mai a mako guda. A mako, ba a wata ba. Idan robar giram 500 tana kai muku wata uku, to man bai kai ko kusa ba. A shafa aƙalla sau 2 a rana, in abin ya tsananta sau 4 ko fiye. Jariri ma a mayar da kowane canjin kunzugu lokacin shafa mai. A shafa a hankali, ana bin yadda gashi ya kwanta, ba a murza ba, don murzawa na tayar da ƙaiƙayi, tana kuma toshe kafofin gashi. A ɗebo man da cokali mai tsabta, kada a riƙa tsoma yatsa a roba, don ƙwayoyin cuta na iya zama a ciki.

Gargaɗi guda: mai yana jiƙa tufafi da zanen gado, ya bushe a jikinsu, kuma irin wannan tufa tana kama wuta nan take. A nisanta yaron da murhu, kyandir da duk wata wuta.

Kuma ba a daina mai don fata ta warke. Ranar da ta yi kyau ita ce ranar da man ke aikinsa.

Mataki na 3: Kashe kumburin

Mai ba ya kashe egzimar da ta riga ta tashi. Wurin da ya yi kaushi, ya yi duhu ko ja, yake ƙaiƙayi, yana buƙatar maganin shafawa na sitiroyid, mai kashe kumburi. Na san sunan kaɗai yana tsorata iyaye, kuma tsoron yana da tushe, don an ga fatar da irin waɗannan magunguna suka lalata. Amma wannan ɓarnar daga mai ƙarfi take zuwa, wanda aka shafa wata da watanni ba tare da likita ba. Tun shekarar 1952 ake shafa hydrocortisone a fata, an san shi ciki da bai. Idan an zaɓi ƙarfin da ya dace, aka shafa a inda ya dace, na kwanakin da aka ƙayyade, amfaninsa ya fi haɗarinsa nesa ba kusa ba. Egzimar da aka bari tana ci ita ma tana lalata fata, tana hana barci, tana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Magungunan hawa-hawa ne, kuma ya kamata ku iya karanta sunan a jikin kwali. Hydrocortisone na kashi 1 cikin 100 shi ne mai sauƙi, shi ake yawan bayarwa don fuska da wuya. Clobetasone butyrate matsakaici ne. Betamethasone valerate da mometasone masu ƙarfi ne, likita kan ba da su don jiki na ɗan lokaci idan ciwon ya tsananta. Clobetasol kuwa mai ƙarfin gaske ne, ba na yara ba ne sai da hannun likitan fata. Ku lura da kyau, clobetasone da clobetasol sun yi kama a rubuce, amma tsakaninsu akwai nisa. Fuska, fatar ido, hammata da matsematsi fatarsu siririya ce, ta fi shan magani, don haka abin da aka ba ku don ƙafa kada ya hau fuska.

Nawa za a shafa? "A shafa kaɗan" ba awo ba ne, kuma wannan kalmar ta sa yara da yawa sun sha wahalar banza. Awon da likitocin fata ke amfani da shi shi ne gaɓar yatsa. Babba ya matso maganin daga bututunsa a kan yatsansa manuni, daga kan yatsa zuwa layin gaɓa ta farko. Wannan kusan rabin giram ne, kuma yana isar wurin da ya kai faɗin hannayen babba guda biyu, tafi da yatsu. Ku auna wurin ciwon da hannunku, sai ku san gaɓa nawa ake buƙata. Ga misali, yaro mai shekara 1 zuwa 2 da ciwon ya rufe wurin gaba ɗaya: hannu ɗaya tun daga kafaɗa gaɓa ɗaya da rabi, ƙafa ɗaya gaɓa 2, ƙirji da ciki gaɓa 2, baya da ɗuwawu gaɓa 3. Bayan shafawa fata ta ɗan yi sheƙi.

Ana shafawa sau 1 ko 2 a rana, yadda likita ya ce, a kan wurin ciwo kaɗai. A bar kamar minti 20 zuwa 30 tsakanin mai da magani don kada ɗaya ya tsarma ɗaya.

Kuskuren da na fi jin takaicinsa shi ne dainawa a kwana na uku. An ga sauƙi, an ajiye magani, bayan kwana biyu abin ya dawo, sai a ce maganin ba ya aiki. Wutar ba ta mutu ba, toka ce ta rufe ta. Ido na iya ruɗarku, musamman a fata mai duhu, don haka ku shafa wurin da yatsa. Muddin akwai kaushi ko yaron na kai hannu wurin, da saura. Ana ci gaba har fata ta yi santsi, a ƙara kamar kwana 2 a kai, cikin iyakar kwanakin da likita ya bayar. Idan mako ɗaya zuwa biyu ya wuce ba sauƙi, a koma wurinsa. Ko dai maganin ya yi rauni, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko kuma tun asali ba egzima ba ce.

Yaron da ciwonsa ke yawan dawowa a wuri ɗaya, likita na iya sa a riƙa shafa maganin kwana 2 a kowane mako a wannan wurin ko da ya warke. Wannan dabarar tana rage yawan tashin ciwon sosai. Akwai kuma magungunan shafawa da ba sitiroyid ba, kamar tacrolimus, wanda ake ba yara daga shekara 2, da pimecrolimus. Ba sa sirantar da fata, shi ya sa ake son su a fuska da kewayen ido. Sukan yi ɗan raɗaɗi a kwanakin farko, sannan ya wuce.

Abin da nake roƙonku ku guje wa shi ne kirim ɗin nan mai haɗin magani uku, da man bilicin, da duk wani haɗi marar suna da aka ce yana warkar da kowane ciwon fata. Da yawansu ɗauke suke da sitiroyid mai ƙarfin gaske, har wasu da ake tallatawa da sunan na ganye an bincika an samu a ciki. Jariri fatarsa na tsotse magani fiye da ta babba, irin wannan na iya shiga jininsa ya taɓa girmansa.

Mataki na 4: Dare

Ƙaiƙayi ya fi tashi da dare. A yanke wa yaro farce sau biyu a mako, a goge kaifin. A sa masa tufafin auduga masu dogon hannu, marasa matsi. Ɗaki ya kasance da sanyi-sanyi, kada a lulluɓe shi da bargo mai nauyi, don zafi da gumi na tayar da susa. Idan ya farka yana susa, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora a wurin na 'yan mintoci, sannan a shafa mai. Wanda ya fara wayo a koya masa danna wurin ko bubbuga shi da tafin hannu. Kada a ce masa "daina susa". Ba zai iya ba, sai dai ya koma yi a ɓoye yana jin shi mai laifi ne.

Idan abin ya yi ƙamari, akwai naɗin jiƙa. Bayan wanka da magani da mai, a sa wa yaro rigar auduga da aka jiƙa da ruwan ɗumi aka matse, a ɗora busasshiya a kai, ya yi awanni ko ya kwana a haka. Yana sanyaya fata, yana tare farce, yana ƙara wa magani shiga. Wannan ƙarin shigar ce ta sa dole likita ya tsara shi, na 'yan kwanaki kawai, kuma ba a yi a kan fatar da ƙwayar cuta ta kama.

Magungunan sha na alaji ba sa kashe ƙaiƙayin egzima. Masu sa barci daga cikinsu likita kan ba da su na ɗan gajeren lokaci don a samu a runtsa. Kada a saya wa jariri da kai.

Mataki na 5: Abubuwan da ke tayar da shi, da maganar abinci

Sanannu ne: sabulu, turare, tufafin ulu da na leda, gumi, busasshiyar iska, hayaƙin taba, ƙura, ragowar sabulun wanki a tufafi. A ɗauraye kayan yaro sosai. Jariri mai dalalar miyau a shafa masa mai mai kauri a kewayen baki kafin ya ci abinci da kafin barci.

Abinci ne inda iyaye suka fi wahalar da kansu. A cire wannan, a cire wancan, har yaro ya rame, ciwon kuma na nan. Egzima ciwon fata ne, ba abinci ke haifar da shi ba, ko da yake yara masu egzima mai tsanani sun fi wasu kamuwa da alajin abinci, musamman madarar shanu, ƙwai da gyaɗa. Alamarsa takan fito cikin mintoci zuwa awa 2 bayan ci: borin jini, kumburin leɓe ko fuska, amai. Idan da shaƙewar numfashi ko yaro ya yi laƙwas, asibiti nan take. In ba a ga irin wannan ba, kada a hana yaro abinci bisa zato, uwa mai shayarwa ma kada ta takura wa kanta. Wani babban bincike da aka yi a Ingila, aka fitar a 2015, ya nuna cewa jarirai masu egzima mai tsanani ko alajin ƙwai da aka fara ba su gyaɗa da wuri, alajin gyaɗa ya ragu a cikinsu da kusan kashi 80 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka hana. Amma jariri mai egzima mai tsanani likita ya fara duba shi kafin a gwada, kuma ba a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa ɗungurungum saboda shaƙewa.

Mataki na 6: Alamun da ba a kwana da su

Fatar da ta tsage sauƙin kamuwa da ƙwayoyin cuta gare ta. Idan wurin ya fara tsattsafo da ruwa, ya yi ɓawo mai launin zuma, ko ƙuraje masu mugunya suka fito, ko ciwon ya ƙaru farat ɗaya, ƙwayar bakteriya ce mai yiwuwa, a ga likita cikin kwana ɗaya.

Wanda ya fi haɗari shi ne idan bairos ɗin da ke kawo ƙurajen zazzaɓi a leɓe ya shiga fatar. Za ku ga ƙananan ƙuraje masu ruwa a cunkushe, ko ƙananan ramuka masu girma ɗaya kamar an huda da tsinke, suna bazuwa da sauri. Sun fi zafi a kan ƙaiƙayi, sau da yawa da zazzaɓi da kasala. Wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, balle in ya kusanci ido. Maganinsa aciclovir, kuma saurin farawa shi ke ceton yaro. Saboda haka duk mai ƙurji a leɓe kada ya sumbaci yaro mai egzima. Haka nan idan ciwon ya rufe kusan duka jiki, ko jariri ya ƙi nono, ko nauyinsa ya tsaya, ba abin jinya a gida ba ne.

Mataki na 7: Idan an yi duk wannan bai lafa ba

To lokacin likitan fata ya yi. Akwai jinya da hasken wata fitila ta musamman, akwai magungunan sha masu lafar da garkuwar jiki irin su methotrexate da ciclosporin, waɗanda ke buƙatar gwajin jini a kai a kai, akwai kuma allurar dupilumab, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi wa yara tun daga wata 6 a shekarar 2022. Sitiroyid na sha ko na allura kuwa ba hanya ba ce mai ɓullewa. Fata takan washe cikin kwanaki, da an daina ciwon ya dawo fiye da da.

Tabon fari ko na duhu da ke saura bayan ciwo ya kwanta aikin kumburin ne, kuma yakan baje da kansa cikin watanni, kada a bi shi da man bilicin. Allurar rigakafi ta yara a ci gaba da ita, sai dai in yaron na shan maganin lafar da garkuwa, a sanar da mai yin allurar. Yara da yawa ciwon na raguwa sosai yayin da suke girma, ko da yake fatarsu takan ci gaba da son mai.

Ranar zuwa wurin likita, ku tafi da duk abin da kuka taɓa shafa wa yaron, har da wanda kuke jin nauyin nunawa. Ku tafi da hotunan fatar na ranar da ta fi muni, don sau da yawa takan lafa a ranar ganin likita. Ku kuma rubuta abu uku: sau nawa yake farkawa da dare, kwana nawa robar mai take yi muku, da kwana nawa bututun magani yake yi kafin ya ƙare. Daga waɗannan ukun likita zai gane ko maganin ne ya gaza, ko kuwa bai kai ga fatar yadda ya kamata ba.